Shawarar Mai Zaman Bayan Moto

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Illa, a gidan kawunka, Madawa.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Ramatu, da kawunka da iyalinsa duka. Mu nan Ƙarofane lafiya lau, sai godiyar Allah. Allah shi sa albarka ga wanga aiki da anka ba ka na allurar dabbobi a Garhanga, shi kai ku lafiya, shi tsare mani ku daga mugun ji da mugun gani.

Kada ka nemi labarin gida cikin wagga takarda. Akuya ta haihu, shi ke nan. Maganar moto ce, babur ɗin da za ka saya, ta zaunar da ni da alƙalami, har yatsuna na ciwo. Na san za ka ce mi ya hana in kira ka a waya. Ai na kira. "To Inna, to Inna" kake ta yi mani kana dariya ƙasa-ƙasa, ina jin abokanka na fada, majalisar hirarku, a bayanka suna kurɓar shayi. Ita takarda ba ka iya ce mata rezon waya ya yanke.

Kawunka ya gaya mani moto biyu ka gani, duka manya na doguwar tafiya. Ɗaya mai bitesi ne, wato giya, wanda ake matse ambiriyaji, kuloci ke nan, da hannun hagu a taka bitesin da ƙafa. Ɗayan otomatik, mai canza bitesinsa da kansa, kai dai ka murɗa ka tafi. Ya ce ranka ya karkata ga mai bitesi, wai don 'yan fadarku sun ce otomatik moton mata ne da tsofaffi. Madalla da su. Ni mace ce, kuma tsohuwa, ke nan sun kawo magana inda ta dace.

Bari in fito maka fili tun yanzu, kada ka ce na yi ta kewaye. Ciwonka nake tsoro, Illa. Amosanin jinin nan da ka taso da shi bai san ka zama ma'aikacin gwamnati ba. In ruwa ya dake ka, ko sanyi ya shige ka, ko gajiya ta yi yawa, ni na san yadda hannuwanka ke ƙagewa har ludayi shi gagare ka riƙewa. Aikinka kuwa yawon ƙauyuka ne, daga rugar wannan zuwa rijiyar wancan, bisa duwatsun Keita inda waya ba ta kamawa. Ramatu kuma ta ce ba ta zama ita kaɗai, duk zuwa gida tare za ku yi. To ranar da ya tashi maka a tsakiyar daji, wa zai matse maka ambiriyaji? Wannan tambayar ce ke ci mani rai.

Babanka shina nan gefena bisa tabarma shina tufkar igiya, ya ce in rubuta maka cewa wanda bai canza bitesi da ƙafarsa ba, ba tuƙi yake ba, ɗaukarsa anka yi. Na rubuta, ga shi ka gani. Yanzu saura nawa.

Ni ban da permin tuƙi, ban taɓa shiga garejin makaniki ba. Amma na fi shekara talatin a bayan moton babanka, kuma babu bitesin da goshina bai sani ba. In ya saka na fari, in ji ƙum a kafaɗarsa. Na biyu, ƙum. Na uku ba ya samunsa sai ya yi ta lalube da ƙafa, ni kuwa ina ta sallama da ƙashin bayansa. Don haka in ana maganar moto kada a ce ban da baki.

Wautata ta fari kunya ce. Ina amarya, munka tashi zuwa gidanmu gaida iyayena. Na dama fura mai kyau na zuba a ƙwarya, na rufe da faifai, na hau na zauna a karkace yadda mata ke zama, ƙafafuna duka gefe guda. Babanka ya ce, "Hajo, riƙe ni." Na ce a raina, a'uzu billahi, in riƙe namiji a tsakiyar gari mutane na kallo? Na rungume ƙwaryata da hannu biyu. Munka fita gari lafiya, munka tsallake ƙoramar nan mai yashi, sai ga hawa. Ya taka bitesi, moto ya zabura, ni kuwa na sulale ta baya na zauna daɓas cikin yashi, ƙwarya bisa cinyata, ko ɗigo bai zuba ba. Na buɗe baki in kira shi, sai na tuna ba a kiran sunan miji. Kafin in samo abin da zan ce ya haye tudu, shina ta ba ni labarin farashin gero.

Har ƙofar gidanmu ya kai. Ya kashe moto, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaida mahaifina. Tsoho ya amsa gaisuwa tsaf, ya leƙa bayansa, ya ce, "To, ina Hajon?" Babanka ya waiwaya. Ya ce mani har yau bai taɓa jin zufa irin ta wannan ranar ba. Da ya komo nemana ya iske ni ƙarƙashin aduwa na sha rabin furar, don rana ta yi zafi kuma haushi na cina.

Abin da nake so ka ɗauka a nan: wanda ke baya shi ma tafiyar yake yi, kuma shi ya fi shan wuyarta. Kun zauna a fada kun yanke hukunci, kai da masu shayi, ko kun tambayi Ramatu? Yarinya ce mai kunya, ba za ta ce maka goshinta na ciwo ba. Tambaye ta. In kun je wajen mai saidawa ka ɗauke ta a bayan kowane ɗaya ku zagaya, ka ji wanda ya fi fizgarta. Kuma ka ce ta riƙe ka gam. In wani ya yi magana ka turo shi wajena.

Wauta ta biyu, son a gani. Moton babanka na fari ƙarami ne, marar nauyi, ko ya faɗi ni kaɗai ina tada shi. Sai maƙwabcinmu ya sayo wani ƙato mai ruri, in ya taso daga Buza tun bai iso ba kaji ke watsewa. Ni ce na shiga zuga babanka, kullum da tuwo da magana: mu ma ai mutane ne, har yaushe za a riƙa wuce mu a hanya. Bawan Allah ya biye mani bayan kakar albasa, ya sayo nasa ƙaton. Kwana biyu na yi ina yanga a rijiya. Daga nan na gane abin da na jawo ma kaina.

Ƙaton moto in ya shiga yashi sai shi kwanta awa raƙumin da ya ƙi tashi. Wa ke sauka shi tura? Hajo. In batir ya mutu da sanyin safiya, wa ke turawa har injin shi kama? Hajo. Babanka na zaune bisa sirdi shina ba da umarni: "Ƙara ƙarfi! Saura kaɗan!" In ya kama kuma shi bar ni da hayaƙi a fuska. Ina da cikin yayarka na tura moton nan gaban masallacin Juma'a, mutane na yi mani sannu. Matan da na so su gani sun gani kuwa, har da tafi.

Da na karanta mishi wannan wurin, babanka ya aje igiya ya ce, "Yawwa! Kin kawo kanki. Rubuta mishi: mai bitesi in batir ya mutu a tura shi tashi. Otomatik fa? Ko garin Garhanga duka ya taru ya tura, sai dai su kai shi gida a haka." Gaskiyarsa ce, ba zan ɓoye maka ba. Na ce mishi amma wanda bai taɓa turawa ba shi ke yabon turi. Ya ce shi ma ai shina taimakawa da ƙafa ɗaya.

To kai ma duba da kyau. 'Yan fadar da ke ce maka moton maza, moton maza, ko ɗaya ba zai kasance a ƙoramar Garhanga ranar da ya kwanta maka ba. Suna Madawa bakin gudoro, hanyar kwalta, suna jiran shayi na uku. Kada ka sayi moto don idon wanda ba zai tura ba.

Wauta ta uku ita ce babba, kuma dominta na ɗauki alƙalami. Wata shekara bayan an cire gero, gonaki sun zama fili, babanka ya ce, "Hajo, zo in koya miki. Ba a san rana ba." Ka ji mutum, shi da kansa ya nema. Na ce Allah shi kiyaye, in buɗe ƙafa bisa moto a ce da ni mi a gari? Ya sake yi mani maganar, na ce in ya ƙara zan kai ƙara wajen yayansa. Ya bari.

Ba a daɗe ba munka tafi gaisuwar mutuwa wani ƙauye can bayan Buza, wajen hanyar Keita. Kai kana ƙarami, na bar ka wajen kakarka. A komowa, rana tsaka, munka tsaya bisa dabagi don shi yi salla. Ka san wurin, dutse ne baƙi iyakar ganinka, ba gida ba rijiya. Ya sa hannu shi ɗauko dutse shi tokare moto, sai na ji ya ce "Wash!" Kunama ce, irin baƙar nan mai kaurin wutsiya, ta same shi a hannun hagu.

Da fari ya yi ta mazantaka, wai ba komi. Kafin in kwance bakin zane in ɗaure mishi damtse, zufa ta wanke shi, ya fara amai, leɓensa na rawa, idonsa na juyawa. Na duba gabas na duba yamma, ko amalanken jaki babu. Na yi kururuwa, duwatsu sunka maido mani da muryata. Illa, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ga moto tsaye lafiyayye, tanki cike da man esansi, ga mijina na mutuwa, ni kuwa ban san ko ina ake taɓawa ba.

Da sauran ƙarfinsa ya taka ya tada injin. Ya ce, "Hau gaba." Na tattare zane na hau yadda na rantse ba zan taɓa hawa ba. Ya hau baya, sai na ji shina zamewa. Na cire zanen da nake yafawa, na jawo shi jikina, na goya shi yadda nake goya ka, na ɗaure tam a ƙirji. Ƙaton mutum mai gemu, kansa bisa kafaɗata. Ya ce in matse ƙarfen hagu, ya miƙa ƙafa ya taka mani bitesi na fari, ya ce, "Saki a hankali." Na saki gaba ɗaya. Moto ya yi tsalle ya mutu. Ya sake tadawa, na sake kashewa. Ina kuka ina ba moto haƙuri. Can dai Allah ya taimake ni ya ɗauka, daidai lokacin da babanka ya daina magana.

A bitesi na fari na kai mu Buza. Injin na ihu awa ana yanka shi, mu kuwa muna rarrafe. Wani tsoho bisa jaki ya jera da mu, ya dube ni, ya dubi goyona, ya ce, "Baiwar Allah, wanga yaro bai yi girma da goyo ba?" Ban amsa mishi ba, don na ji tsoron in na buɗe baki moto zai mutu. Ranar kuwa kasuwa ke ci. Na ratsa ta tsakiyar masu tumaki, kallabina ya tafi, ina faɗin "Ku kauce! Ku kauce don Allah!" Duk mutanen da na ji kunyar su gan ni a gona, ga su nan sun gan ni a kasuwa.

Na shiga gidan likita, sai wata sabuwa: ba a koya mani tsayawa ba. Akwai wata itaciyar bedi a tsakar gidan, na shiga zagaya ta. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya fito da farar riga shina bi na da gudu shina cewa, "Madam, taka birki! Matse ambiriyaji!" Na ce, "Hannuna ya ƙage, ku dai ku cire shi daga bayana!" Masu jinya sunka fito, wani har da ledar ƙarin ruwa a hannu. Ban san zagaye nawa na yi ba. A ƙarshe na hangi tulin yashin da anka zuba don gini, na ce bismillahi na nufe shi. Nan munka kife, ni da moto da goyona.

Sunka yi mishi allura, sunka ƙara mishi ruwa. Majo ya ce mani da mun ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Da babanka ya farfaɗo, ka san abin da ya fara tambaya? "Hajo, a bitesi na nawa kika zo?" Na ce na fari. Ya rufe ido ya ce, "Kin kashe mani inji."

Har gobe a Buza akwai tsofaffin da in sun gan ni sai su ce, "Mai goyo, ina yaron?" Ina dariya tare da su. Amma in na tuna tsayuwar nan da na yi bisa dabagi, ga moto ga mara lafiya, dariyar ba ta kai mani ciki. Da na yarda na koya ranar da ya ce in koya, da ban tsaya ina kashe inji ba mijina na sheƙar da rai a bayana.

Akwai kuma wata wautar da ta shafe ka kai tsaye. Tun kana lakwal, kana ɗan makaranta, nake ce maka kada ka gaya ma kowa ciwonka, kada a raina ka, kada a hana ka mata. Ka ji maganata fiye da yadda na so. Yanzu ga ka nan za ka sayi moton da hannunka ba zai iya da shi kullum ba, don kada abokai su tambaye ka dalili. Ni na koya maka ɓoyo, to ni ke ce maka ya isa haka. Ciwo ba abin kunya ba ne. Wanda ya tambaye ka, ka ce hannunka ne, ko ka ce innarka ce ta hana. Na yarda a zage ni a fada.

Ba na ce otomatik ba shi da aibi. Ban san cikinsa ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar sani ba. Kafin ka biya, ka tambayi makanikan Madawa da na Keita ko suna taɓa shi, da inda ake samun kayan gyaransa, kada ya yi pan, ya lalace, ka zauna jiran ƙarfe daga Kwanni har damina ta wuce. Ka kula da batir yadda kake kula da maganin allurarka, tunda ba a tura shi. Babanka ya ƙara da cewa moton da kowa ke iya hawa kowa zai zo aro, daga mai kai amarya har mai neman ɓataccen rago. Wannan ma gaskiya ce. Ka koyi cewa a'a da fara'a. Ka sa hular kwano, ka saya ma Ramatu tata, kada ka shiga ƙorama in ruwa na gudu ko da ka ga yaro ya tsallake, kuma rigar sanyi kada ta bar bayan motonka.

Amma abin da na fi so, ko wane ka saya, shi ne wannan. Makon da kunka isa Garhanga, ka nemi fili bayan gari ka ɗora Ramatu a gaba. Ta koyi tadawa, ta koyi tafiya, ta koyi tsayawa. In ta ce kunya, ka karanta mata wagga takarda daga inda kunama ta shigo. Mutanen Garhanga za su yi magana, na sani. Su yi. Nawa sun yi sun gaji, kuma ga babanka nan zaune da ransa shina gardama da ni.

Na karanta mishi duka daga fari, don kada ya ce na ci amanarsa. Da na kai wajen dabagi ya daina tufka. Ya daɗe shina duban hannunsa na hagu, inda tabon yake. Na ce, "To, mai bitesi, akwai abin da za a ƙara?" Ya share murya ya ce, "Har yanzu na ce mai bitesi ya fi daɗin tuƙi." Na ɗauki alƙalami zan rubuta, sai ya riƙe mani hannu. Ya ce, "Bar wannan. Ce mishi shi sayi wanda matarsa za ta iya tsaidawa." Ya tashi ya shiga ɗaki, wai hayaƙin murhu ya shigar mishi ido, alhali ko wuta ban hura ba.

Direban da zai kawo maka takarda zai ba ka ƙunshi guda. Ba naka ba ne, na Ramatu ne. Zanen nan ne da na goya babanka da shi. Ya koɗe, akwai ƙunar bututun hayaƙi a gefe ɗaya, amma har yanzu da ƙarfinsa, na ja shi na gwada. Ta naɗe shi ta aje cikin kayan moto. Roƙona ga Allah shi ne ta tsufa ba ta goya kowa da shi ba sai jikokina.

Allah shi kai ku lafiya, shi komo mani da ku lafiya. Allah shi tsare ku daga sharrin ƙarfe, da sharrin ruwa, da abin da ke ƙarƙashin dutse. Allah shi kwantar maka da ciwonka, shi ba ka haƙuri da mutane da dabbobinsu. Ka gaida kawunka, ka gaida ɗiyata Ramatu da kyau. In kun zo hutun salla ina so in ji ƙarar moto a ƙofar gida, in leƙo in ga ita ce a gaba.

Wassalam.

Innarka,
Hajo